Jawabi ga 'Yan Maradi Mazauna Amurka Kan Bindiga da 'Yan Sanda

Assalamu alaikum. Shugaban ƙungiya, malamanmu, iyayenmu mata, 'yan uwa Maradawa, barkanku da zuwa.

An ce in yi magana kan bindiga, saboda sababbin zuwa sun yi yawa a cikinmu, kuma galibinsu tuƙin tasi suke yi ko kai abinci gida-gida.

A gida, in ka ga mutum da bindiga, ko dai ma'aikaci ne mai kaki, ko maharbi, ko ɓarayin dajin da suka hana ƙauyukan Madarumfa da Gidan Rumji barci. Nan Amurka kuwa, mai shago yana iya samunta, tsohuwar da ke maƙwabtaka da kai ma haka. Tun 1791 aka sa 'yancin riƙe makami a tsarin mulkinsu. A 2022 kotun ƙoli ta soke dokar jihar Niyok wadda ta ce sai ka kawo dalili na musamman kafin a ba ka izinin fita da bindiga. Cibiyar Small Arms Survey ta ƙiyasta cewa a 2017 bindiga wajen miliyan 393 ce a hannun farar hula, wato sun fi mutanen ƙasar yawa.

To shi ɗan sandan da ya tsayar da kai ya san wannan. Yana tahowa wajen motarka ne da tunanin wataƙila kana da ita. Nan ne tarbiyyarmu ke iya jawo mana. A hanyar Maradi zuwa Ɗan Isa, jandarma na busa usur, direba zai sauko da sauri, takardu a hannu, ya je har inda yake ya gaishe shi. Mu ladabi ne. Nan kuwa, wanda ya buɗe ƙofa ya nufo ɗan sanda ya tsorata shi. Ka tsaya gefen titi, ka kashe mota, ka sauke gilas, in da dare ne ka kunna fitilar ciki, hannu biyu kan sitiyari inda zai gan su. In ya nemi lasin, ka gaya masa yana aljihun baya, ka jira ya ce ɗauko. Musamman mu masu manyan riguna da aljihu mai zurfi.

Dattawanmu sun tuna Amadu Jallo, ɗan Gini. A watan Fabrairun 1999, a bakin ƙofar gidansa a Bironks, cikin birnin Niyok, 'yan sanda huɗu suka harba masa harsashi 41, 19 suka same shi. Abin da ya ciro jakar kuɗi ce. Kotu ta wanke su duka huɗun. Allah ya jiƙansa. Wannan zalunci ne, ba na ɓoyewa, amma in za ka bi haƙƙinka, ka bi shi a gaban alƙali da lauyanka, ba a bakin titi ba.

Masu kai saƙo, kada ku shiga harabar gidan mutum kuna ta sallama yadda muka saba a zaure. Ku duba lamba sau biyu. A 2023 a birnin Kansas, wani dattijo ya harbi yaro ɗan shekara 16 don kawai ya danna ƙararrawar gidan da ba shi aka aike shi ba.

Sai matasan da ke tambayata ko su ma su saya don tsaro. Wanda ba shi da takardar zama, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga, mai bizar ziyara ko ta karatu ma haka, in ban da wasu 'yan togaciya. Mai girin kad, wato takardar zama ta dindindin, yana iya nema, amma laifin bindiga guda ya isa a tasa ƙeyarsa zuwa gida. Kuma izinin da wata jiha ta bayar ba ya aiki nan Niyok. Duk mai wannan niyya ya fara ganin lauya, kada ya saya a hannun aboki.

Mai tambaya ya ɗaga hannu, kafin lokacin La'asar ya shiga.