Sharhi: Umar Yaghi da matsalar ajiye makamashi

Masu sauraronmu na Makka da Madina da Jidda da Riyad, assalamu alaikum.

A ranar 8 ga Oktoban 2025 aka sanar cewa Farfesa Umar Yaghi ya samu kyautar Nobel a kimiyyar sinadarai, tare da Susumu Kitagawa na Japan da Richard Robson da ke aiki a Ostireliya. Jaridun ƙasar nan sun yi ta murna, kuma da hujjarsu, domin tun 2021 aka ba shi takardar zama ɗan Saudiyya, kafin nan ma a 2015 ya karɓi kyautar Sarki Faisal a Riyad. Sharhinmu na yau zai tsaya ne a kan shekarun da ba wanda ya yi masa tafi.

An haife shi a Amman a 1965, iyayensa Falasɗinawa 'yan gudun hijira, mahaifinsa mahauci. Ɗaki guda suke kwana shi da 'yan'uwansa, dabbobin gidan na gefe, babu lantarki, ruwan famfo kuwa sai a yi mako ko biyu kafin ya zo na 'yan sa'o'i. Yana ɗan shekara 15 mahaifin ya tura shi Amurka. Ya fara da wata ƙaramar kwaleji a jihar New York, yana karatu yana goge daɓe a kanti don ya ci abinci. A 1990 ya kammala digirin digirgir a Jami'ar Illinois.

To me ya ƙirƙiro? Ku dubi benen da leburorinmu ke aiki a kai, lokacin da aka kafa ginshiƙai da ƙarafa amma ba a ɗora bulo ba: ko'ina ƙofa, ko'ina ɗaki. Irin wannan gini Yaghi ya yi, sai dai ido ba ya ganinsa. Ƙwayoyin ƙarfe ne a kusurwoyi, wasu sinadarai masu kama da sanda suna haɗa su. Wanda ya fitar a 1999, mai suna MOF-5, idan an zuba shi a tafin hannu gari ne kawai, amma in aka shimfiɗa bangayen da ke cikin giram ɗaya nasa, za su rufe murabba'in mita dubbai. Iska na shiga waɗannan ɗakuna ta manne a bango ta zauna.

Iskar da aka fi ɗora wa buri ita ce haidirojin. Kilo ɗaya nata yana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na kilon fetur sau uku, kuma in ta ƙone ruwa take bari, ba hayaƙi ba. Matsalarta rashin nauyi. Kilo ɗayan nan, in an bar shi yadda yake, sai ya cika wuri mai girman mita 11 na kubik. Saboda haka ko dai a danne ta da ƙarfin da ya ninka na iskar da muke shaƙa sau 700, kamar yadda ake yi a tankin motar Toyota Mirai, ko a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri har ta zama ruwa. Duka biyun tsada ne. A 2003 Yaghi da abokan aikinsa suka nuna cewa garin nasu yana riƙe haidirojin, duniya ta ɗauka an kusa hutawa. Ashe da sauran rina a kaba: garin yana riƙe ta sosai ne a sanyin kusan digiri 196 ƙasa da sifiri, da ya ji ɗumi sai ya sake ta. Sama da shekara ashirin ke nan, har yau ba a sayar da motar da ke tafiya da irin wannan tanki.

Wani zai ce ashe an yi asara. A ganina ba a yi ba. Daga wannan bincike aka samu dangin garin da ke kama hayaƙin masana'antu, da wanda ke tsotso ruwan sha daga busasshiyar iskar hamada, aka kuma gwada shi a jihar Arizona ta Amurka ya yi. Batirin wayar da ke hannunku ma haka ya yi jinkiri. Masanin kimiyya Stanley Whittingham ya fara aikin batirin a kamfanin mai na Exxon a shekarun 1970, zamanin da takunkumin mai na Sarki Faisal ya girgiza Turawa. Da farashin mai ya sauka, kamfanin ya ja da baya. John Goodenough ya gyara shi a Oxford a 1980, Akira Yoshino ya ƙarasa a 1985, Sony ta kai shi kasuwa a 1991. Nobel ba ta zo ba sai 2019, Goodenough na da shekara 97.

Batun ya shafi ƙasar nan kai tsaye. Rana dai Allah Ya hore mana ita, har ta yi yawa. Duk direban da ke jigila tsakanin Jidda da Makka ya san yadda zafi ke cinye batirin mota, haka alhajin da wayarsa ta mutu a Arfa yana neman tantinsu. Samar da wuta daga rana ya yi araha. Ajiye ta zuwa bayan magariba, lokacin da kowane gida ya kunna mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), nan gizo ke saƙar. Shi ya sa aka kafa jibgegen rumbun batura a garin Bisha, kuma a Neom, sabon yankin da Saudiyya ke ginawa, aka zuba dala biliyan 8.4 a masana'antar da aka tsara za ta riƙa samar da tan 600 na haidirojin a kullum. Ku lura, ba a matsayin haidirojin za a loda ta a jirgi ba. Za a mai da ita sinadarin amoniya ne, wadda ke zama ruwa a digiri 33 ƙasa da sifiri. Wato dabara ce ta kewaye matsalar da har yanzu masana ba su warware ba.

Wa zai warware ta? Tambayar da nake so iyaye su ɗauka ke nan. Yaranmu da aka haifa a nan suna jin Larabci kamar 'yan ƙasa, da yawansu sun haddace Alƙur'ani, ƙwaƙwalwa ba ta yi musu ƙaranci ba. Abin da ke tare su takarda ce da gajen haƙurinmu. Yaro ya gama sakandare, iƙamarsa (takardar izinin zama) ta ƙare, babu kuɗin sabuntawa, sai a ce ya je ya kama tuƙi ko tsaron shago, yarinya kuma a fara maganar aure. Alhali jami'o'in gwamnati suna da guraben tallafi ga baƙi mazauna ƙasa masu cikakkun takardu. Jami'ar kimiyya ta Sarki Abdullah da ke Thuwal, arewa da Jidda, wadda aka buɗe a 2009, tana ɗaukar nauyin duk ɗalibin da ta karɓa a digiri na biyu da na uku, da masauki da alawus, kuma a can ake binciken irin garin nan na Yaghi. Da Turanci ake koyarwa, don haka sai an tanadi harshen tun da wuri.

Ƙungiyoyinmu ba sa gajiya wajen karo-karon biki da zaman makoki, kuma Allah Ya saka. Shugabanni su buɗe wani asusun na sabunta iƙamar ɗalibai da biyan kuɗin jarrabawar Turanci, su sa mutum biyu masu ilimi su riƙa bibiyar lokacin da jami'o'i ke buɗe neman gurbi, suna sanar da iyaye kafin a rufe.