Yaƙi da Zunubin da Ya Zama Jiki: Bayani ga 'Yan Katolika Mazauna Saudiyya

'Yan'uwa a cikin Kristi, musamman ku da neman abinci ya kawo Riyadh, Jidda ko Dammam, wannan bayani ya shafi zunubin da ya zama wa mutum jiki, wanda ya sha tuba a kansa kuma ya sha komawa. Manzo Bulus ma ya san wannan hali, domin a Romawa 7:19 ya ce nagartar da yake so ba ita yake yi ba, muguntar da ba ya so kuwa ita yake aikatawa.

Katikizim na Ikilisiyar Katolika, wato littafin koyarwar Ikilisiya, a sakin layi na 1865, ya bayyana cewa maimaita zunubi yana sa zuciya ta karkata gare shi har lamiri ya dushe, kamar yadda yawan takawa yake fitar da hanya a cikin ciyawa. Sai dai wajibi ne a rarrabe jaraba da zunubi. Wasiƙar Yakubu 1:14-15 ta nuna cewa sha'awa ce take fara jan mutum, sai ya amince mata sannan ta haifi zunubi. Saboda haka mugun tunanin da ya faɗo maka, ka ƙi shi, bai zama laifi a kanka ba. Zunubi mai kisa yana buƙatar abubuwa 3 a haɗe: al'amarin ya zama babba, mutum ya san haka sarai, kuma ya yi shi da cikakken nufi. Sakin layi na 1735 ya ƙara da cewa ƙarfin sabo yana iya rage nauyin laifi. An faɗi wannan ne domin kada mai fama ya fid da rai, amma ba izinin sakaci ba ne.

Wahalarmu a nan sananniya ce. Babu majami'a a Saudiyya, kuma mutum yana iya yin shekara bai ga Fada ba. Katolika na wannan ƙasa suna ƙarƙashin Bishop ɗin da ke kula da Arewacin Yankin Larabawa, wanda kujerarsa take Bahrain, inda aka keɓe babbar majami'ar Uwargijiyarmu ta Arabiya a watan Disamba na 2021. Wanda ke Dammam ko Khobar, idan takardunsa da mai aikinsa sun ba shi dama, yana iya bin Gadar Sarki Fahd mai tsawon kilomita kusan 25 ya isa can. Da yawa ba su da wannan hali, kuma ba a karɓar sakramentin tuba, wato furta zunubi ga Fada domin samun gafara, ta waya ko intanet.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu suke cewa tun da sun riga sun faɗi, kuma babu Fada, bari su ci gaba har ranar hutu. Wannan tunani ya fi faɗuwar farko haɗari. Sakin layi na 1452 na Katikizim ya koyar da cewa nadamar da ta fito daga ƙaunar Allah fiye da kome tana kawo gafara ko ga zunubi mai kisa, muddin tana tare da ƙudurin furta zunubin ga Fada da zarar an sami dama. Ke nan wanda ya faɗi da dare, a daren zai durƙusa ya tuba.

Waliyyi Ignatius na Loyola, wanda ya rasu a 1556, ya bar mana hanya mai amfani ƙwarai. Ka zaɓi laifi guda ɗaya tak, ko fushi ne, ko ƙarya, ko kallon batsa. Da asuba ka ƙudura niyyar kiyaye kanka daga gare shi. Bayan abincin rana ka binciki kanka, ka sa alama a takarda sau nawa ka faɗi, ka sake yin haka bayan abincin dare, sannan ka gwada yau da jiya, wannan mako da wancan. Duk lokacin da ka kuskure, ka ɗora hannu a ƙirji cikin nadama, abin da za ka iya yi ko a wurin aiki ba tare da kowa ya lura ba.

Takardar nan za ta nuna maka lokacin da jarabar take zuwa. Ga ma'aikaci da yawa, sa'ar ita ce bayan an tashi aiki, jiki ya mutu, abokan ɗaki sun yi barci, kewar iyali ta taso, ga waya a hannu. Idan haka ne, ka ajiye wayar nesa da katifa, ka riƙe Rosari, wato carbin addu'a, a madadinta, ko ka kira matarka ko wani ɗan'uwa mai tsoron Allah tun kafin dare ya yi nisa. Nesanta kai daga abin da ke kai mutum ga zunubi yana cikin tuban kansa, kuma 1 Korintiyawa 10:13 ta tabbatar mana cewa Allah ba zai bari a jarabce mu fiye da ƙarfinmu ba.

Ranar da hutu ya zo, ko a Bahrain ne ko a gida, ka nemi Fada tun a kwanakin farko. Ka faɗi irin zunubin da adadinsa gwargwadon abin da ka tuna, ka gaya masa cewa ya zama maka sabo, ka kuma bayyana masa cewa za ka koma inda babu majami'a, domin ya ba ka shawarar da ta dace da zamanka a can.