Gubar Gansakuka da Abin da Take Yi wa Hantar Kifi

Masu sauraronmu na Maradi da kewaye, musamman masunta na Madarumfa da masu kiwon tarwaɗa da karfasa a kududdufan gida, assalamu alaikum. Darasinmu na yau yana kan koren kumfar nan da ke rufe saman ruwa a lokacin bazara, cikin Afrilu da Mayu, sa'ad da ruwa ya ja baya, rana ta yi zafi, kuma takin zamani da kashin shanu suka tattaru a ƙasan tafki. Mutane suna kiranta gansakuka, amma wani ɓangarenta ƙwayoyin bakteriya ne masu launin kore da shuɗi, kuma ɗaya daga cikinsu, mai suna Microcystis, tana yin guba da masana suka sa wa suna maikurosistin. An gano nau'o'in wannan guba fiye da 200.

Abin tambaya shi ne, me ya sa hanta ce ta fi shan wahala? Gubar ba ta iya ratsa fatar ƙwayar halitta da ƙarfinta, sai an ɗauke ta. A jikin ƙwayoyin hanta akwai wasu furotin da aikinsu tamkar na ƴan dako ne a ƙofar kasuwa, suna shigar da sinadaran matsarmama daga jini, kuma su ne ke ɗaukar gubar bisa kuskure su shigar da ita. Da yake hanta ta fi sauran gaɓoɓi yawan waɗannan ƴan dako, a can gubar take taruwa.

Yanzu ku ba ni hankalinku, domin nan ne gundarin darasin. A cikin kowace ƙwayar hanta akwai kundin gado, wato DNA, mai ɗauke da dubban umarni, amma ba dukansu ake karantawa a lokaci guda ba. Ƙwayar tana kunna aiki ko ta kashe shi ta hanyar liƙa wa furotin ɗan sinadarin fosfat, sannan ta cire shi idan aikin ya ƙare. Manyan masu cirewar su ne wasu sinadaran aiki guda biyu, PP1 da PP2A, kuma su maikurosistin take kamawa ta ɗaure. Ke nan ana ta liƙawa babu mai cirewa, kamar famfon da aka buɗe aka karya makullinsa, har saƙon da ke isa ga kundin gado ya rikice.

Masu bincike suna gane haka ne ta hanyar auna kwafin saƙon da kowane umarni yake fitarwa, wanda ake kira RNA, a hantar kifin da ya sha gubar da ta wanda bai sha ba. Da farko umarnin kare kai ne ke tashi: na sinadarin GST da ke ɗaure guba da wani sinadarin jiki mai suna gulutatayon domin a fitar da ita, da na katalas da SOD masu kashe kaifin gurɓataccen iskar oksijin, da na HSP70 mai gyara furotin da ya lauye. Idan gubar ta yi yawa ko ta daɗe, waɗannan sukan gaji su yi ƙasa, sai umarni irin su p53 da kaspas su tashi, waɗanda ke sa ƙwayar ta kashe kanta. A lokacin kuma ƙashin ginin ƙwayar ya rushe, ƙwayoyin sun rabu da juna, jini yana malala a tsakaninsu.

A ganina, abin da ya fi muhimmanci shi ne cewa wannan sauyi yana faruwa tun kifin yana iyo yana cin abinci, kafin mai kududdufi ya ga alamar komai. Sai daga baya, idan ya fede tarwaɗa, ya tarar da hanta ta kumbura, ta koɗe ko ta yi ɗigo-ɗigon jini, tana marmashewa a tsakanin yatsu.

Hantar ɗan Adam ma tana da irin waɗannan ƴan dako. A shekarar 1996, a garin Caruaru na ƙasar Brazil, marasa lafiya fiye da 50 da ake yi wa wankin ƙoda sun rasu saboda ruwan da aka yi musu amfani da shi yana ɗauke da gubar, kuma a 1998 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar maikurogiram 1 na gubar, wato kashi ɗaya cikin miliyan na giram, a kowace litar ruwan sha. Tafasa ruwa ko suyar kifi ba ta lalata wannan guba, saboda haka kifin da aka kamo daga koren ruwa a cire masa hanta da hanji gaba ɗaya, a wanke tsokar da ruwan famfo, kuma kada a jefa wa kaji ko karnuka kayan cikin. Mai kududdufi kuma, idan ya ga ruwa ya koma kamar an zuba koren fenti, ya rage abincin da yake watsawa, ya sauya wani kaso na ruwan, kuma ya guji zuba maganin kashe gansakukar a lokaci guda, domin idan ƙwayoyin suka fashe, duk gubar da ke cikinsu ruwan take komawa.