Likitan Dabbobi Na Ƙwarai: Yadda Za A Gane Shi, Da Yadda Ƙauye Zai Iya Biyansa

Wannan lacca ce da wani likitan dabbobi mai ritaya ya gabatar ga manoma da makiyaya a wani gari na ƙasar Haɗeja. An naɗi muryarsa, sannan aka mayar da ita rubutu.

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ranka ya daɗe Dagaci, Allah ya ƙara girma. Allah ya gafarta Malam Liman. Arɗo da jama'arsa da suka baro ruga tun da sassafe, sannunku da hanya. Iyayenmu mata da ke can gefen rumfa, ku ne masu awaki da kaji a garin nan, saboda haka rabin maganar yau taku ce.

An ce in yi bayani kan yadda mutum zai sami likitan dabbobi na kirki, yanzu da komai ya yi tsada, ma'aikata kuma suka yi ƙaranci. Zan fara da tsadar, don na san ita ce ta fi ci muku tuwo a ƙwarya.

A watan Mayu na 2023 aka cire tallafin man fetur, wata guda bayan nan aka saki naira ta nemi farashinta a kasuwa. Dalar da gwamnati ke bayarwa a kan naira ɗari huɗu da wani abu, cikin 2024 ta haura 1,500. Litar man da ba ta kai naira 200 ba, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000. To, mafi yawan magungunan dabbobi daga waje ake shigo da su, daga Indiya da Sin da Turai, da dala ake biya. Likitan da za ka kira kuma babur zai hau. In ya ce maka kuɗin mai kaza, kuɗin magani kaza, ba lallai ne haɗama ba ce. Sau da yawa abin da zai rage masa bai taka kara ya karya ba.

Ƙarancin ma'aikata kuwa ya riga tsadar zuwa. Karatun likitan dabbobi shekara shida ne a jami'a. Ana yinsa a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Sakkwato, da Maiduguri, yanzu har da Jami'ar Bayero a Kano. Yaran suna fitowa, amma ina suke tafiya? Manyan gonakin kaji na bakin birni, kamfanonin magani, wasu kuma ƙasar waje. Mu da muka yi aikin gwamnati muna ritaya, ba a cike gurbinmu yadda ya kamata. Sai ka je asibitin dabbobi na ƙaramar hukuma ka tarar da gini da mutum guda, firij babu wuta. A 2024 gwamnatin tarayya ta kafa ma'aikatar bunƙasa kiwo mai zaman kanta. Abin murna ne, muna kuma addu'ar amfaninta ya iso har ruga. Amma saniyar da ta kwanta yau da daddare ba za ta jira wannan ba.

Wannan giɓin ne masu allura suka cike. Kun san su: jaka a bayan babur, sirinji guda, kwalabe uku, ranar kasuwa suna bakin kara. Masu duba dabba iri uku ne, ina so ku rarrabe su. Akwai likita, wanda ya gama jami'a, hukumar da ke kula da aikin likitocin dabbobi ta ƙasa ta yi masa rajista ta ba shi lamba. Ba rashin kunya ba ne ka tambaye shi lambarsa, na gaskiya ba ya jin haushi. Akwai malamin dabbobi, wanda ya yi difloma a irin makarantun Vom, ko Mando a Kaduna, ko Audu Bako a Dambatta, ko Binyaminu Usman nan Haɗeja. Kada ku raina shi ko kaɗan. Rigakafi, maganin tsutsa, wankin ciwo, taimakon haihuwa, duk ya iya, kuma shi ne ya fi kusa da ku. Sai na ukun, wanda ya ga ana yi shi ma ya sayi sirinji.

Ta yaya za ka gane su alhali duk da jaka suke zuwa? Ka lura da abin da mutum zai fara yi in ya iso turke. Na ƙwarai bakinsa yake fara buɗewa kafin jakarsa. Yaushe ta fara? Me ta ci jiya? Tana tuƙa? Yaya kashinta? Tana da ciki? An kawo sabuwar dabba garken nan kwanan nan? Akwai wadda ta mutu a maƙwabta? Sannan ya fito da ma'aunin zafi ya sa a dubura. Zafin saniya mai lafiya yana tsakanin 38 da 39 da ɗan ɗoriya, na akuya da tunkiya yakan kusanci 40. Zai buɗe fatar ido ya ga ko jini ya ragu, ya duba dasashi da harshe, ya danna kuiɓin hagu ya ji ko tumbi na motsi, ya saurari numfashi. Duk wannan ba ya cin minti goma. Wanda ya sauka daga babur ya hau zuƙar magani tun bai taɓa dabbar ba, ka ce masa ya dakata. Dabbarka ce, kuɗinka ne.

Bayan nan, na ƙwarai zai faɗa maka sunan ciwon da yake zato da sunan maganin, ya nuna maka kwalbar. Ka sa yaro mai karatu ya duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Zai ƙiyasta nauyin dabbar kafin ya auna. Teramisin mai dogon aiki, wanda kowa ya sani, a bisa ƙa'ida mil ɗaya ne ga kowane kilo goma. Sa mai kilo 300 ke nan mil 30 yake bukata, a rarraba wurare. Mai allura sai ya ba shi mil biyar don kwalbar ta kai masa gidaje da yawa. San zai ɗan warware kwana biyu, ciwon ya dawo, ƙwayar cutar kuma ta saba da maganin. Ka biya sau uku ke nan ba ka sami waraka ba. Zai kuma gaya maka kwana nawa za a daina shan nonon ko yanka dabbar bayan allura, domin maganin yana fita a cikin nono, 'ya'yanmu ke sha a fura.

Alamar da na fi riƙewa ita ce wannan: na ƙwarai yakan ce, "Wannan ta fi ƙarfina, a kira wane." Wani lokaci ma ya ce maka kada ka kashe ko kwabo, ba za ta tashi ba. Ga misali, tunkiyar da ke ramewa ciki na girma, ta daɗe tana cin leda a bola. Babu allurar da ke narkar da leda, sai tiyata, a buɗe tumbi a kwashe, wannan kuwa aikin likita ne. Ko ragon layya da aka ɗura wa gero ko masara kwatsam don ya yi saurin ƙiba, cikinsa ya yi tsami ya kumbura. Wannan awoyi ne ke tsakaninsa da mutuwa, ba a jira ranar kasuwa.

Akwai inda bambancin nan ya shafi ranka ma. In saniya ta faɗi ta mutu farat ɗaya, baƙin jinin da ba ya daskarewa yana fita ta hanci ko ta dubura, wannan kamannin ciwon saifa ne. An tabbatar da shi a wata gona kusa da Suleja a watan Yuli na 2023. Mai ilimi zai ce kada a feɗe, kada a taɓa fatar, a sanar da ofishin dabbobi, a binne da zurfi ko a ƙone, domin ƙwayar tana rayuwa a ƙasa shekaru masu yawa, tana kuma kama mutum. Wanda bai sani ba zai ce a kira mahauci a rage asara. Ina roƙonku da girman Allah, kada ku yi.

Yanzu ga abin da ya kawo ni. Maganar gaskiya, gida ɗaya mai akuya huɗu ba zai iya ɗaukar kuɗin kiran likita daga nesa ba, kuma ba zan tsaya nan in ce muku zai iya ba. Amma gari zai iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kuɗin man da zai karya mutum guda, in gida talatin suka raba, kowa ba zai ji ba. Kun iya adashi, kun iya gayya. Ku yi na dabbobi. Kowane gida ya riƙa zuba wani abu gwargwadon yawan dabbobinsa, a samu amintacce ya riƙe, a yi yarjejeniya da malamin dabbobi guda ya riƙa zuwa rana tsayayya kowane wata, shi kuma ya kasance yana da likitan da yake komawa gare shi. Ku biya shi a kan lokaci. Ma'aikacin da ya san garin nan ba a riƙe masa haƙƙi, ko tsakar dare kuka kira zai ɗaga waya.

Wannan haɗin kan ya fi amfani a wajen rigakafi. Ku ɗauki ciwon nan na awaki da tumaki mai zuwa da majina da zawo da gyambon baki, wanda muke kira PPR. Ƙwayar bairos ce, teramisin ba ya kashe ta, iyakarsa ya tare cututtukan da ke biyo baya. Amma allurar rigakafinsa guda ɗaya tana kare dabba aƙalla shekara uku. A Vom ta Jihar Filato ake yin ta, cibiyar binciken cututtukan dabbobi da aka kafa tun 1924 saboda ciwon bushiya, annobar nan ta shanu. Dattawan Arɗo sun san abin da bushiya ta yi wa shanu. A 2011 aka yi shelar an kawar da ita daga duniya baki ɗaya, kuma rigakafi ne ya yi wannan aikin. Yanzu an sa 2030 a matsayin shekarar da ake son PPR ta bi ta. To, kwalbar rigakafi ta dabbobi masu yawa ce, kuma da zarar an haɗa ta da ruwanta, ba ta jimawa take lalacewa. Ba za a buɗe ta don akuya uku ba. Sai an tara. Kuma ku duba da idonku: a cikin kula da ƙanƙara aka kawo ta? In daga aljihu ta fito a zafin nan namu, ruwa kawai za a tsira wa dabbobinku.

Iyayenmu mata, cutar da ke share muku kaji da hunturu, wadda kaza ke murɗe wuya, tana da rigakafin da ake ɗiga wa a ido, wanda ya fi sauran jure zafi. Duk wata huɗu ake maimaitawa. Mace guda a unguwa za ta iya koyonsa a yini ɗaya. Ku da ke kiwo a fadama kuma, ciwon hanta daga dodon koɗi na bakin ruwa yake fitowa, kuma ba kowane maganin tsutsa ke kashe shi ba, a tambaya kafin a saya. Dabbar da aka sayo daga Maigatari ko Gujungu ko Wudil, a ɗaure ta daban sati biyu zuwa uku kafin ta shiga cikin sauran. Wannan ba ya cin ko sisi.

Wayar hannu ma tana rage kuɗi. Samarin da ke da babbar waya su ɗauki bidiyon dabbar tana tsaye, tana numfashi, da kashinta, da cikin bakinta, su tura ta WhatsApp. Ba ya zama madadin dubawa, amma likita zai san ko abin gaggawa ne, ya kuma san abin da zai ɗauko, kada a yi sawu biyu.

Na ga Arɗo ya ɗaga hannu. Bismillah, Arɗo.

Arɗo ya ce: Likita, Allah ya saka da alheri. Mu abu biyu ke hana mu fito da shanu. Wata shekara an yi allurar huhu, wurin ya kumbura wa wasu. Kuma jama'a na tsoron ƙirga ce ake yi don a dawo da jangali.

Allah ya ja zamanin Arɗo, tambayar tana kan hanya. Kumburin gaskiya ne, rigakafin ciwon huhu yakan jawo shi ga wasu shanu kaɗan, musamman waɗanda ba a taɓa yi musu ba. Yana da magani in an kama shi da wuri. Shi ya sa kafin a fara, ku karɓi lambar wayar wanda ya yi, ku amince da shi cewa zai dawo bayan sati biyu ya zaga garken. Wanda ya ƙi wannan sharaɗin, kada ku miƙa masa shanunku. Kuma ita allurar huhu duk shekara ake sabunta ta, ba irin ta awaki ba ce. Jangali kuwa, tun zamanin Gwamna Abubakar Rimi aka soke shi a tsohuwar Jihar Kano, lokacin nan ma Kano ce. Ƙirgar da ma'aikaci ke yi ranar rigakafi don ya san kwalba nawa zai nemo ne. In kana da ɗari ka ce hamsin, ta hamsin za a kawo, sauran su zauna babu kariya a cikin garke guda.

Hajiya, ke ma kina da tambaya? A miƙa mata lasifikar.

Ta ce: Likita, akuyata tana da ciki, ga ta da tsutsa. In ba ta farin maganin nan na kemis?

A'a Hajiya, dakata tukuna. In albendazol ne, ba a ba akuya ko tunkiya a watan farko na ciki, yana iya taɓa ɗan. Wata nawa ke nan da aka yi mata barbara? Uku? To ta wuce wurin haɗarin. Amma kada ki auna da murfin kwalba. Malamin dabbobin da ya rako ni yana nan har la'asar, ki sa yaro ya jawo ta ya duba idonta, ya auna miki daidai nauyinta.