Amsoshin Tambayoyinku: Daga ina fifikon maza a kan mata ya samo asali?

Jama'a masu sauraro, barkanmu da wannan lokaci. Wasiƙu biyu muka samu kan batu ɗaya. Wani bawan Allah ya ce maza sun riƙe ragamar gida da mulki ne don sun fi mata ƙarfi, magana ta ƙare. Wata baiwar Allah kuma tana tambaya: tarbiyyar da ake yi wa yara, a ce yarinya ta yi shiru, a ce namiji ba ya kuka, ita ta haifi wannan tsari, ko tsarin ne ya haife ta?

To Malam, ƙarfi ya taka rawa, amma bai wadatar ba. Da ƙarfi kaɗai ke ba da iko, da samari ne ke juya dattawa. A duba wajen aiki da dukiya da gado. A 1970 masaniyar tattalin arziki 'yar Denmark, Ester Boserup, ta lura cewa inda ake noma da fartanya, mata na cikin aikin gona dumu-dumu. Inda garmar shanu ta shigo kuwa, maza suka karɓe gona, mata suka koma cikin gida. A 2013 masana tattalin arziki Alberto Alesina da Paola Giuliano da Nathan Nunn suka bi diddigin wannan magana. Sun gano cewa a al'ummomin da kakanninsu suka yi noman garma, har yau mata ba su cika fita aiki ko shiga siyasa ba, kuma wannan tunani yana bin 'ya'yansu ko bayan iyaye sun yi ƙaura zuwa Amurka. Sannan ga ƙabilar Minangkabau ta Indonesiya, Musulmi ne miliyoyi, amma gida da gonar gado ta ɓangaren uwa suke bi, ko da yake maza ne ke shugabancin dangi.

Malama, a ganina tsarin ne ya riga, tarbiyya kuma ita ke ɗaukarsa daga iyaye zuwa 'ya'ya, har a ɗauka halitta ce. Mata shida ne suka fara tsara wa kwamfutar ENIAC, ɗaya daga cikin kwamfutocin farko, aiki a Amurka a shekarun 1940, lokacin ana yi wa aikin kallon na mata. Da ya yi daraja, ya kawo albashi mai tsoka, sai aka fara cewa ƙwaƙwalwar namiji ce ta dace da shi. Abin da ke damuna ke nan: a hana yarinya magana tun tana ƙarama, ta girma, sannan a kafa hujja da shirunta a ce ba za ta iya jagoranci ba.