Amsoshin Tambayoyinku: Malam, ina takardun tes ɗinmu?

Mai gabatarwa: To jama'a mun dawo, har yanzu muna tare da Dakta, malami a tsangayar ilimi, saƙonni sun cika waya kuma lokaci ba ya jira, bari mu ɗan yi sauri. Wani daga Funtuwa na tambaya wai CGPA, wato matsakaicin makin ɗalibi na duk karatunsa, nawa ne fes kilas, digiri mai daraja ta ɗaya. Daga 4.50 zuwa 5.00 ne a ma'aunin maki biyar, sai a dage ɗan samari. Wata ƙanwarmu daga Gombe kuma ta ce ta ci 44 an ba ta E, wai mu roƙa mata malamin ya ƙara maki ɗaya ta koma D. Haba ƙanwata, nan fa gidan rediyo ne! In kina ganin kuskure aka yi, ki rubuta takarda ta hannun shugaban sashe ki nemi a sake dubawa.

Ga wadda ta fi yawa, daga Zariya, daga Sakkwato, daga Bauci duk magana ɗaya ce. Wata 'yar aji uku ta ce tun da ta shiga jami'a ba a taɓa dawo mata da takardar tes ko asainmen ba, makin CA, wato na tes da asainmen, ma sai bayan jarrabawa take gani an haɗa shi, ga ta da kari-oba a kwas ɗaya sau biyu kuma har yau ba ta san inda take kuskure ba. Bari in maimaita, sau biyu ta faɗi, ba ta san me take yi ba daidai ba. Dakta, wallahi wannan ya taɓa ni.

Dakta: E to, ai ka san CA ɗin nan maki 30 ne ko 40 cikin ɗari, ya danganta da jami'a, kuma abin da mutane ba sa gani shi ne yawan ɗalibai. Ɗauki malami mai yara 500, ko minti biyar-biyar ya ba kowace takarda ya haura awa 41 yana zaune, ga lakca, ga 'yan furojet suna jira a bakin ofis. Sannan yajin aikin ASUU na 2022, daga Fabrairu har Oktoba, wata takwas cur, da aka dawo sai aka matse zangon karatu kowa na gudu. A Disambar shekarar kuma hukumar kula da jami'o'i ta NUC ta fito da sabon tsarin manhaja mai suna CCMAS, ta bar wa jami'o'i kashi 30 na manhaja su tsara da kansu, mu a sashenmu zaman da muka yi a kan wannan kaɗai...

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, takardar yarinyar nan fa muke nema.

Dakta: Haƙƙinta ne, ban musa ba. Tes an yi shi ne don a gano ciwo tun kafin jarrabawa, in ba ta ga takardar ba to maki kawai aka karɓa, ba a koyar da ita komai ba. Kuma ba sai ka yi wa kowa dogon sharhi ba. Ni in na gama duba takardun nakan ware minti ashirin a aji, in kawo kurakurai uku da suka fi yawa, in karanta amsa mai kyau da mai rauni ba tare da suna ba, su da kansu su faɗi bambancin. In lokaci ya ƙure sai in yi saƙon murya a guruf ɗin WhatsApp na aji. Tun ranar ba da aikin ma a gaya musu yadda za a raba makin, nawa na hujja nawa na tsari. Kuma ƙananan tes biyu ko uku sun fi guda ɗaya tilo, wanda in zazzaɓi ya kama yaro ranar shi ke nan.

Mai gabatarwa: Kun ji ko, malamanmu? Minti ashirin. A raba takardu kafin jarrabawa, ina nanatawa, kafin jarrabawa, ba bayan an kai sakamako majalisar jami'a ba. Ni a ganina ya kamata kowane sashe ya sa ranar da dole a manna makin CA a allo. Ke kuma 'yata, ku haɗu da kilas raf, wato wakilin ajinku, ku je wurin malamin cikin ladabi, kada ki ce masa ƙarin maki kike so, ki ce Malam nuna min inda na ɓata. Ku ma ɗalibai ina da ku, wasunku in an ba su takarda maki kawai suke leƙawa su dunƙule ta a aljihu, jan biron nan fa don ku aka ɓata dare aka rubuta shi.

Saura minti ɗaya. Mai tambaya daga Damaturu kan sakamakon da ya ɓata, ka fara da jami'in jarrabawa na sashenku, ka tuna masa ka sa hannu a takardar halarta ranar jarrabawar, ita ce shaidarka. Dakta mun gode, ga labarai nan tafe.