Tsinkewar Jijiyar Gwiwa: A Yi Aiki Ko A Dakata?

Assalamu alaikum warahmatullah. Iyayena da 'yan'uwana, musamman ku 'yan ƙwallo da kuka cika baya can, yau maganar gwiwa za mu yi.

Manyan jijiyoyi 4 ne ke riƙe da gwiwa: biyu a gefe, biyu a ciki sun gitta juna. Ta gaba daga cikin na cikin, wadda likitoci ke kira ACL, ita ke hana ƙashin ƙwauri zamewa gaba. Sau da yawa ma ba taka mutum aka yi ba. Yana cikin gudu ya kafa ƙafa ya juya, sai ya ji ƙas, kafin 'yan sa'o'i gwiwa ta kumbura suntum, domin jini ya taru a ciki.

A nan ake yin kuskuren da ke damuna. Sai a ce targaɗe ne, a kai yaro wurin mai ɗori a yi ta murza. Ko a yi hoton ƙashi, a ce babu karaya, a koma gida da murna. Jama'a, hoton ƙashi ba ya nuna jijiya! Sai likitan ƙashi ya gwada gwiwar da hannunsa, in da buƙata a yi hoton MRI, wanda shi ke nuna jijiya. Mu nan muna da Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, ku je a duba.

To an tabbatar ta tsinke, dole ne a yi aiki? Ba dole ba ne ga kowa. Jijiyar gefe ta ɓangaren ciki takan warke da ɗauri da hutu. ACL kuwa ba kasafai take haɗewa da kanta ba, shi ya sa in za a yi aiki, akan yanko wata jijiya daga bayan cinya ko ƙasan ƙoƙon gwiwa a dasa a gurbinta. Amma a 2010 an fitar da wani bincike daga Suwidin a kan matasa 121 masu wasanni. Wasu aka yi musu aiki da wuri, wasu aka fara da gashin ƙashi da motsa jiki. Bayan shekara 5, a sakamakon da aka fitar a 2013, kusan rabin waɗanda suka fara da gashi ba su buƙaci aikin ba, kuma gwiwoyinsu ba su gaza na sauran ba.

Abin da nake tambayar mai ciwo shi ne: gwiwar tana sakin ka? In kana sauka daga babur ko kana juyawa sai ta goce, wannan gocewar tana cin guringuntsin ciki, kuma shi in ya lalace da wuya ya dawo. Haka in gwiwa ta maƙale ba ta miƙewa, kada ka jira. Ɗan ƙwallon da ke son komawa fili ma, galibi aiki za a ba shi shawara. Malamin makaranta ko ɗan kasuwa da gwiwarsa ke tsaye daram bayan wata 3 na gashi, yana iya ci gaba da harkarsa.

Ku kuma 'ya'yana, ku tuna Van Dijk na Liverpool. Ya ji wannan ciwon a Oktoban 2020, duk da likitocin da ke kansa sai da ya shafe wata 9 bai buga wasa ba. Saboda haka kafin ka sa hannu a takardar tiyata, ka lissafa kuɗin gashi tare da na aiki, ka nemi wanda zai riƙa kai ka, ka kuma shirya yin salla a kan kujera na wani lokaci, don zaman tahiya ba ya dawowa da wuri.

Na ga Alhaji ya ɗaga hannu tun ɗazu. Bismillah, a miƙa masa abin magana.